"Ko" Aka Rubuta

Brodek, Oktoba 1996

Norbert,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ko "ranka ya daɗe" ake cewa? Ban san yadda ake buɗe wasiƙa zuwa ga alƙalin kotun ƙolin jiha ba. Ni wanda na sani shi ne yaron nan mai ƙaton kai da ake kawowa hutu gidan kakata Babi Ludmila, wanda zakara ke kora har cikin rumbu. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko sarkin duniya ka zama, ni Yayarka ce.

Rabona da kai tun jana'izar matarka Leona, bara. Hannu kawai ka miƙo mini kamar na zo neman aiki. Ban riƙe ka a zuciya ba. Ni ma ranar da na binne mijina Alvin ban san wa ya zo wa bai zo ba.

Lafiya dai ga ta nan. Gwiwa ta ƙi, sukari ya hau, yanzu kuma ido ya bi sahu. Likita ya ce idan aka sake duba ni baɗi, da wuya su bar mini lasisin tuƙi. Ka kuwa san babu bas daga Brodek zuwa gidan yari.

To ga maganar. Ka san labarin ɗana Lyle, amma bari in maimaita, don ku manya kuna da mantuwa. Yana da shekara goma sha bakwai ya zauna a mota a bakin gidan mai, abokinsa ya shiga ciki ya harbe mai sayar da man. Ban taɓa cewa ba shi da laifi ba. Mutum ya mutu ya bar mata da 'ya'ya, har yau ina kunna masa kyandir a coci. Aka yi wa Lyle ɗaurin rai da rai, babu sassauci. Yanzu yana dab da arba'in, sanƙo ya cinye kansa kamar na ubansa.

Makon jiya wata lauya ta zo, Paulette Rasmussen, yarinya ce, mota cike da takardu. Ta zauna a kicin ɗina ta kusa cinye mini faranti guda na kolache, burodin zaƙin nan namu na gado. Ta ce akwai wani Tibbets da aka yi wa irin ɗaurin Lyle tun yana yaro. Alƙalin ƙaramar kotu ya ce ɗaurin ya saɓa wa tsarin mulkin jiha, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, yanzu maganar tana gabanku ku bakwai. Idan kuka bar hukuncin yadda yake, duk irin su Lyle za su je gaban kwamitin sassauci, kuma ta ce da irin halin da ya nuna a can babu abin da zai hana a sake shi.

Na ce mata ai mun gwada kotu tun tuni. Ta ce wancan tsarin mulkin ƙasa ne. Shi ya hana horon da yake na mugunta kuma ba a saba yinsa ba, wato sai abu biyun sun haɗu, rufe yaro har ya mutu kuwa an saba. Amma namu na jiha cewa ya yi horo na mugunta ko wanda ba a saba yi ba. Can "kuma", nan "ko". Ɗaya ya isa. Na ce, "Yarinya, yanzu duk shekarun nan a kan 'ko' muke zaune ba mu sani ba?" Ta ce ƙwarai kuwa. Ta ce kuma akwai wani Alƙali Kubicek a cikinku wanda ba ya tsallake kalma, wai har da ƙamus na zamanin keken doki yake shiga kotu. Ban gaya mata na taɓa share maka majina ba.

Ba roƙonka nake yi ba, Norbert. Na daina roƙo, ba ya tsinana komai. So nake in ji daga bakinka ko wannan "ko" ɗin tana nufin ko.

Yayarka,
Verna

*

Babban birnin jiha, Nuwamba 1996

Yaya Verna,

Na sami wasiƙarki, na gode da gaisuwa. Zakaran nan ba abin dariya ba ne, tabonsa yana nan a ƙwaurina. Ki kula da sukarin, ki bar wa lauyoyi kolache. Ni lafiyata ƙalau in ji likita. Ina zuwa aiki, ina dawowa. Rigunan sanyin Leona suna rataye a bayan ƙofa, kullum sai na ce gobe zan kai su coci.

Shari'ar da kika ambata tana gabanmu, saboda haka ba zan ce komai a kanta ba, ko a takarda ko a baki, ko ke ko Fadan coci. Ba taurin kai ba ne. Don Allah kada ki sake rubuto mini ita.

Abin da zan iya gaya miki shi ne wanda nake gaya wa ɗalibai a fili kowace shekara. Kin tuna Babi Ludmila ta ce kofi uku na fulawa ake sa wa kolache? Matan da suka aure cikin dangi sun yi ta aunawa da kofin kanti, abin yana fitowa kamar kunu. Ke kin san dalili. Kofinta take nufi, wancan shuɗin mai karyayyen hannu, wanda ya kusa kofin kanti biyu. Wanda zai bi maganarta sai ya nemo kofinta. Aikina ke nan. Mutane suka taru a shekarun 1870 suka rubuta dokoki, jama'a suka karanta suka jefa ƙuri'a suka amince. Abin da suka amince da shi shi ne abin da kalmomin ke nufi a kunnen mai karatu na wancan lokacin. Ba abin da ke ɓoye a zuciyar marubuci ba, ba kuma abin da ni Norbert nake so yau da safe ba. Ranar da na fara auna doka da kofina, to kowane alƙali ma zai zo da nasa, kuma ba duka za su yi miki daɗi ba.

Wata magana daban. Ɗakin saman nan, in rufin bai fara yoyo ba, ki sa a gyara shi kafin Ista. Za a buƙace shi idan ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki. Ba zan iya faɗin fiye da haka yanzu ba, maganar tana yi mini nauyi.

Ki gaishe da Lyle.

Ƙaninki,
Norbert

*

Brodek, Disamba 1996

Norbert,

Ina gaisuwa. Sanyi ya shigo da ƙarfi, kaji sun daina ƙwai, gwiwa kuwa ba a magana. Kai ma ka riƙa cin abinci mai zafi, na san halin gwauraye da gwangwani.

Na gane. Ba zan sake ambaton abin da ka hana ni ba, kuma bakina a rufe yake. Kai! Ashe kana da wayo haka? Shafi guda kana yi mini wa'azin kofi, sai a ƙarshe ka sako maganar a hankali kamar ba komai. Na karanta layin nan ina tsaye a bakin akwatin wasiƙu, dusar ƙanƙara tana zuba a kan takardar, ban motsa ba sai da mai kawo wasiƙa ya dawo da baya ya tambaye ni ko lafiya.

Rabon da in hau ɗakin Lyle na manta. Da gindi na hau matakalar, ɗaya bayan ɗaya. Rufin bai yoyo, ɓeraye dai sun ci katifar. Na sa ɗan maƙwabcina Havlik ya fitar da ita ya kankare bangon.

Ranar Asabar na je wurin Lyle. Ba a shiga da takarda, saboda haka na haddace layin. Da na faɗa masa sai ya ce, "Mama, kada ki yi mini haka." Na ce ba ni na faɗa ba, Kawunka Norbert ne, da hannunsa, mutumin da bai taɓa rubuta kalmar da bai auna ba. Ya sa na maimaita har bakina ya bushe. "Za a buƙace shi. Haka ya ce? Za a buƙace shi?" Na ce haka ya ce. Can ya tambaye ni ko itacen fiya na bayan gida yana nan. Shekara da shekaru bai tambaye ni komai game da gida ba, shi da kansa ya hana ni ba shi labari, ya ce ya fi masa sauƙi. Ran nan har launin fenti ya zaɓa, kore mai haske.

Kada ka zaci murna nake yi. Na nemi murnar ban same ta ba. Ka san in ka zauna a kan ƙafarka ta mutu, sannan jini ya fara dawowa? To haka nake ji, ciwo ne kawai. Amma na gode, ɗan ƙanina. Allah ya sa ka yi Kirsimeti lafiya.

Verna

*

Brodek, ƙarshen Janairu 1997

Norbert,

Lafiya kuwa? Wasiƙata ta Disamba ba amsa, kwalin kolache da na aika ba amsa. In ba ka so ka ba mai gadi, amma ka ce ya iso. Ni ina nan yadda ka sani, sai tari da ya ƙaru.

Ba maganar nake tayarwa ba, labari kawai nake ba ka. Lauya Paulette ta bugo mini waya bayan zamanku. Ta ce ka tsare lauyan gwamnati kana tambayarsa ko yana ganin mutanen da suka rubuta "ko" ba su iya rubuta "kuma" ba ne, har mutumin ya fara in'ina yana neman ruwan sha. Na yi dariya ni kaɗai a kicin, har na tsorata da jin muryata.

An gama fentin. Shirun nan naka na ɗauke shi a matsayin hankali, na san ana sa maka ido. Layi ɗaya dai ka rubuto ka ce kana da rai.

Verna

*

Babban birnin jiha, Fabrairu 1997

Yaya Verna,

Ina da rai. Ciwon huhu ya kwantar da ni asibiti tun kafin Kirsimeti, daga can na wuce zaman kotu da ƙyar. Sakatariyata ta tara wasiƙun gida a kwali don kada su dame ni. Yau na buɗe naki biyu a tare. Kolache ya yi fumfuna, na zubar.

Yaya, ni nake nufi. Ni zan kwana a ɗakin. Dutsen kabarin Leona ya kammala, mai sassaƙa ya ce ba a iya kafa shi sai ƙasa ta saki. Na yi niyyar in zo Brodek bayan Ista in tsaya a kafa shi a gabana, in kwana biyu a gidanki maimakon masauki. A ɗakin nan nake kwana tun ina yaro, lokacin gidan yana hannun Babi Ludmila, tun ba a haifi Lyle ba, shi ya sa bai zo mini a rai cewa ke ɗakinsa kike kiransa ba. Da na ce maganar tana yi mini nauyi, na kasa rubuta sunanta kusa da kalmar kabari ne. Yau ga shi na rubuta.

Ban ba ki wata alama ba. Ba zan taɓa ba ki ba, ko ta alheri ko ta akasin haka. Tambayar da na yi wa lauyan gwamnati tambaya ce, na yi wa ɗaya ɓangaren ma masu zafi, ita Paulette ba ta gaya miki waɗannan ba.

Na daɗe zaune da wasiƙarki a hannu. Ya kamata in ji kamar ƙasa ta tsage, amma tun rasuwar Leona abubuwa daga nesa suke iso mini. Na san dai na yi ɓarna. Ki je ki gaya wa Lyle gaskiya, da wuri. In kina so ni in rubuta masa, zan rubuta.

Norbert

*

Brodek, Fabrairu 1997

Norbert,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, da gaske nake. Ni ma tarin ya lafa.

Yanzu buɗe kunnenka. Ba ka rubuta "zan buƙace shi" ba. "Za a buƙace shi" ka rubuta, ga takardar nan a gabana, na ɗora mata gilashin ƙara girman rubutu. Ka rubuta wa uwar da ɗanta ke kurkuku, a wasiƙar da ke amsa tambayarta a kan ɗan nata, cewa ta gyara ɗakinsa. Wace uwa ce a jihar nan za ta karanta wannan ta ce dutsen kabari ake nufi? Kai da bakinka ka ce abin da ke ɓoye a zuciyar marubuci ba shi ne doka ba, sai abin da mai karatu ya ji a lokacin. To ni ce mai karatun, Nuwamba ne lokacin. Ko dokar taka ta mutanen da suka mutu ce kawai, rayayyu ba su da rabo?

Kuma tunda ka taɓo Babi Ludmila, kai a tebur kake zaune kana jiran ci, ni ce a gefenta. Eh, da shuɗin kofi take aunawa. Amma in ta gama sai ta tsoma hannu a kwaɓin. Shekarar da alkama ta bushe takan ƙara madara, shekarar damshi takan ƙara fulawa. Ba ta taɓa ba mu dutse mu ci ta ce haka kofi ya ce ba.

Ban gaya wa Lyle ba. Na je da niyyar faɗa, na tarar ya yi aski, yana tambayata ko wandunan ubansa za su shige shi. Na ce za su shiga.

Na yi wani abu kuma. Na gaya wa Paulette dangantakarmu. Yarinyar ta ajiye cokali. Ta ce a lissafinta uku suna tare da mu, uku suna tare da gwamnati, kai ne ba wanda ya san inda ka dosa. Ta ce alƙalin da ke da ɗan uwa a cikin magana yakan janye, kuma in ka janye aka yi uku da uku, hukuncin ƙaramar kotu ne zai tsaya. Ta ce ita ba za ta nemi haka ba, don tana zaton kana tare da mu. Ni kuwa na daina zato.

Na ce maka na daina roƙo. To na dawo. Ban ce ka karya kofinka ba, ban ce ka rubuta abin da ba ka yarda da shi ba. Ka tashi kawai ka ce, "Ina da 'yar uwa a cikin wannan magana," ka ɗauki hularka ka fita. Ƙarya ce? Ba ƙarya ba ce. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Verna

*

Babban birnin jiha, Maris 1997

Yaya Verna,

Ina fatan gwiwa da sauƙi. Ni na koma aiki sosai, sai dai hawan bene yana sa ni haki.

A kan "za a", kin kama ni. Ba ni da abin cewa.

A kan janyewa, na kai wasiƙunmu duka gaban shugaban kotu da sauran abokan aikina, suka karanta. Dokar janyewa ta lissafa waɗanda take kira dangi: iyaye da kakanni, 'ya'ya da jikoki, 'yan uwa na ciki ɗaya da 'ya'yansu, kawu da gwaggo. Nan ta tsaya. Jikar 'yar uwar kakata ba ta ciki, balle ɗanta, kuma Lyle ba shi ne mai ƙara ba. Suka ce ba dole a kaina, abin ya rage nawa.

Na yi kwanaki ina juya shi. Da dangantakar ce ke rufe mini ido, da na fita tun ranar farko. Ba ta rufe ba. In na fita yanzu, bayan an gaya mini abin da fitar za ta haifar, to ƙuri'a na jefa da ƙafata, na ɓoye ta a bayan sunanki. Iyalin mutumin da Tibbets ya kashe suna zaune a layin gaba ranar zaman. Su ba su da ɗan uwa a kan kujera.

Zan zauna. Wannan bai gaya miki inda zan faɗa ba, kada ki karanta komai a ciki, don Allah. Na bi kowane layi na wasiƙar nan sau da yawa kafin in rufe ta.

Ƙaninki,
Norbert

*

Babban birnin jiha, Mayu 1997

Yaya Verna,

Ban ji daga gare ki ba tun Fabrairu. Ina fatan lafiya ce. Mai sassaƙa ya aiko mini hoton dutsen Leona, ya ce ya zauna daidai. Ban zo ba, na ga bai dace ba.

Jiya aka fitar da hukunci, yanzu bakina a buɗe yake. Huɗu da uku, gwamnati ta yi nasara. Ni na rubuta. Na sa miki kwafi a cikin ambulan ɗin nan, gara ki samu daga hannuna.

Kin tambaye ni a Oktoba ko "ko" tana nufin ko. Tana nufi. Lauyan gwamnati ya ce kuskuren alƙalami ne, na ce a'a, mutanen nan sun san abin da suka rubuta. Mugunta kaɗai ta isa a soke horo a jiharmu. Shafukan farko duk a kan haka suke.

Sai tambaya ta biyu, me suke kira mugunta. Watanni na yi a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Na karanta muhawarar taron da ya rubuta kundin, da jaridun shekarar, da ƙamus na lokacin. Duk inda suka ce horo na mugunta, bulala suke nufi, da lalas da jan ƙarfe, da yanke kunne, da sa mutum a turu a tsakiyar kasuwa. Irin horon suke magana a kai, ba tsawonsa ba. A shekarar da suka sa hannu akwai yaran da ba su kai sha bakwai ɗin Lyle ba a kurkukun jiha da ɗaurin rai da rai, wasu daga cikin masu rubutun ma su suka yanke musu, kuma babu wanda ya tashi a taron ya ce wannan layin zai fitar da su. Wallahi na nema, Yaya. Mutum ɗaya na nema wanda ya faɗa, ko a wasiƙar jarida. Ban samu ba.

A ganina rufe yaro har mutuwarsa mugunta ce, na rubuta hakan a shafin ƙarshe da sunana. Amma ba ganina jama'a suka jefa wa ƙuri'a ba. Majalisa tana iya canza dokar gobe in ta so, gwamna yana iya yin afuwa. Na san abin da za ki ce game da su.

Da na dawo gida na buɗe gwangwanin miya na sha a tsaye. Na jira in ji wani abu. Na wanke cokalin.

Norbert

*

Brodek, Yuni 1997

Norbert,

Ina gaisuwa. Lafiya ba laifi. An duba idon, sun karɓe lasisin. Motar tana rumfa, kaji sun fara kwana a kanta.

Ban jira ambulan ɗinka ba, a rediyo na ji. Ina fasa ƙwai mai labarai ya ce kotun ƙoli ta amince cewa tsarin mulkin jiharmu ya fi na ƙasa kare fursuna, saboda kalma ɗaya. Na zauna a kujera da ɓawon ƙwai a hannu. Sai ya ja numfashi ya karanta sauran. Na tashi na gama suyar, na ci, don likita ya ce kada in sha magani da yunwa.

Na karanta takardunka duka, da gilashi, har shafin ƙarshen da ka ce a ganinka mugunta ce. Sannu da ƙoƙari. Ban yi kuka ba. Na so in yi, na ma zauna musamman, abin bai zo ba. Haushinka ma da nake ji a Maris na neme shi na rasa.

Fada Benedikt ne ya kai ni wurin Lyle ranar Asabar. Ya ce zai riƙa kai ni in ya sami sarari, ka kuwa san sararin Fada, coci uku ne a kansa. Lyle ya riga ya ji, labari ya fi gudu a can. Ya zauna ya ce, "Mama, ki fassara mini. Sun ce mun ci 'ko' ɗin, to me muka faɗi?" Na ce mugunta muka faɗi. Na lissafa masa yadda ka rubuta, bulala, jan ƙarfe, kunne, turu. Ya juya hannayensa ya duba ciki da baya. Ya ce, "To ai gaskiya ne. Ba wanda ya taɓa sa mini bulala." Har ya ɗan yi dariya. Ya ce, "Ki ce wa Kawu Norbert ya iya karatu."

Sai na gaya masa maganar ɗakin, cewa tun farko kai ne za ka kwana a ciki, kuma tun Fabrairu na sani na yi shiru. Na zaci zai tashi ya bar ni. Ya ce, "Oho." Shi ke nan. Ya tambaye ni ko na ci abinci a hanya.

Da lokaci ya kusa ƙarewa yana ta murza gefen tebur, na ce faɗi mana. Ashe tun Janairu ya rabar da kayansa. Rediyonsa ya ba wani tsoho a ɗakin kusa, rigar sanyin da na saƙa masa ya ba wani. Aikin kafinta da ya yi shekaru yana jira kafin a ba shi, ya ce a ba wani sabon shiga, tunda shi tafiya zai yi. Yanzu wanki suka mayar da shi. Ya ce ba a karɓar kyauta a dawo da ita a can, abin kunya ne. Ya ce rigar ba komai, hunturu da saura. Rediyon ne dai, shirun ya yi masa yawa.

Na ce wane iri kake so? Ya ce, "Mai ƙarko, Mama. Wanda zai daɗe."

Babu kantin rediyo a Brodek, ni kuma ba ni da hanyar zuwa gari. A can wurinku akwai manyan kantuna, kuma sai daga kanti kai tsaye gidan yarin ke karɓa. Ka je ka zaɓa da kanka ka aika masa. Kai ka fi kowa sanin shekara nawa ake so ya yi.

Verna